Azumin da Na Bar Rabi a Yendi

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina, kuma ruwa ya makara. Kullum da yamma ina zaune a ƙofar shagona a Bawku ina kallon hadari yana haɗuwa ta wajen Togo. Sai ya yi baƙi, ya turo iska mai ƙanshin ƙasa, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Matan da ke tsince min albasa suna ta kukan ƙishirwa, ga ruwan leda mai sanyi yana jiransu a firij. Ni dai jikina ya san irin wannan sararin, domin na taɓa zama a ƙarƙashinsa a Yendi, shekarar yunwa, a azumin da na shiga garin da 'yata na fita babu ita.

A lokacin ban zama Hajiya ba, Memuna mai kifi ce kawai. A zangon Salaga aka haife ni. Sana'ata banda ce: in sayi kifin da aka kyafa a bakin tafki, in cika kwanduna, in hau lori zuwa Bawku in sayar, in juyo da albasa. Da kwando ɗaya na fara, kuma ba wanda ya ɗora min shi a ka. Mijina ya tafi Legas neman aiki. Da aka koro mutanenmu daga can a farkon shekarar, kowa ya dawo da katifarsa a ka, ban da shi. Na yi tambaya har na gaji, na daina.

Abin da ya bar min shi ne Rabi. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ya bar ta da ranta ya tafi da jinta. A Salaga "mumu" ake ce mata, wato bebiya, yara da manya. Tana da wajen shekara tara a lokacin da nake ba da labari. Duk duniya ni kaɗai nake gane maganarta, ita ma ni kaɗai take ganewa. Mun ƙirƙiri abinmu mu biyu. In ta ja gefen zanina, mu tafi kenan. In na murza yatsu, ciniki ya faɗa. Sunanta a wurina shi ne in dafa ƙirjina. Ba na barinta wurin kowa, domin na taɓa barinta a gidanmu na dawo na tarar ta yini a bayan ɗaki ba ta ci komai ba. Ba mugunta suka yi ba. Sun kira ta cin abinci, amma da baki suka kira.

A shekarar wuta ta ci daji da rani, ta haɗa da gonaki da rumbuna, sannan ruwa ya ƙi zuwa. Daga Salaga zuwa Bimbilla ba abin da muke gani ta tsakanin katakon lori sai baƙin kututture da toka. Muna shiga Yendi lorin ta yi wani ƙara ta tsaya. Direbanmu Bukari ya shiga ƙarƙashi ya fito da wani ƙarfe a karye, ya faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Ya ce ba a samunsa a Tamale, ba a samunsa a Kumasi, sai dai ya bi ta Saboba ya tsallaka Togo.

"Mma Memuna, gobe ko jibi ina nan."

"Bukari, goben mutane ko goben direbobi?"

Ya yi dariya ya saɓa jakarsa. Bai daɗe da tafiya ba aka ga wata.

Wata lori ba ta zo ba, domin ba mai a ƙasar, ba taya. Na sami masauki a wani gida bayan tasha, gidan wasu tagwaye mata, Asana da Fuseina. Asana tana sayar da koko, amma a shekarar ba ƙosai, don ba wake, kokon ma kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Mace ce mai baki, kuma Hausarta ta Yendi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar farko ta dubi Rabi ta daka mata sallama, Rabi ba ta juyo ba.

Na ce, "Ba ta ji."

"To ai ya zo gida," in ji Asana. "'Yar Salaga, Allah ne ya karya motar nan, ba Bukari ba."

Sai daga baya na gane abin da take nufi. Fuseina kurma ce. An taɓa kai ta makarantar kurame a kudu, ta dawo da keken ɗinki na hannu da kuma yaren hannu irin na makaranta. Labarinta ya shiga ƙauyuka, mutane suka fara kawo mata yaransu. A shekarar yunwa sun ƙaru, domin gidan da abinci ya yi ƙaranci, kurman yaro shi ake fara tunanin kai wa wani. Ba su kai goma ba. Akwai Dagomba, akwai Konkomba daga wajen Saboba, akwai wata 'yar Mosi, wasu iyayensu na salla wasu na zuwa coci. Iyayen in sun haɗu a ƙofar gida sai an nemo mai fassara. Yaran kuwa suna zaune a da'ira a gindin darbejiya hannuwa na ta tashi.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Sahur ruwa ne da ɗan abin da ya kwana a tukunya. Gari na wayewa Fuseina ta kwashi yaran su tafi daji tsintar 'ya'yan kaɗanya, domin lokacin faɗuwarsu ne. Naman na ci ne, ƙwallon Asana ta dafa ta shanya don mai. Su dawo da ganye iri-iri a gefen zani, wani na san shi wani ban taɓa ganin an ci ba, da garin ɗorawa in an dace. Ba a ɗora wa yara azumi, amma shekarar ta ɗora wa kowa. Ni kuma aikina kifi. Banda ba ya son zama a kwando, ƙwari ne za su shiga su mayar da shi gari. Sai na haɗa murhu da duwatsu a bayan gida, na aro raga, kullum in zazzage kwando in sake kyafawa. Hayaƙi a ido, rana a ka, bakina a bushe, ga ƙanshin kifi yana shiga har cikin ciki. Maƙwabta su leƙo ta katanga su koma. Ba mai abin saye. Wanda ya kawo kwanon kokonte, wato busasshen rogo, in ba shi kifi. Wanda ya zo hannu sake in ba shi haƙuri. Ban zo Yendi rabon sadaka ba, jarina ne a kan ragar.

Da la'asar hadari ya taso, kowa ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Iska ta kwashi shanya, kaji su gudu, a jera tukwane a bakin indararo. Sai ya wuce. A mayar da tukwanen. Manoma sun yi shuka a yayyafin farko ta ƙone, sun sake ta ƙone, wasu sun cinye irin.

Matan gidan da maƙwabta da Dagbani suke hira, ni kuwa Dagbanina na ciniki ne, ya ƙare a gaisuwa da farashi. Wannan bai dame ni ba da farko, don ina da Rabi. A bayan zanina take ɓuya tana leƙen yaran. Wata rana Fuseina ta zo ta tsuguna a gabanta, ko kallona ba ta yi ba. Ta nuna kaza, ta yi wani abu da yatsu biyu a bakinta. Ta nuna wuta, ta yi wani abu. Rabi ta dube ni, na ce da kai ta je. Na ɗauka wasa ne na yini ɗaya.

Ba a yi nisa ba na fara kyafa kifi ni kaɗai. Rabi takan zo da gudu ta yi min wata magana da sauri da hannu biyu, in tsaya ina kallo. Ta sake, ta ga ban gane ba, sai ta koma irin namu na da a hankali, kamar yadda ake yi wa tsohuwa. Na lura in yaran za su kira ta suna buga yatsu biyu a tsakar kai. Na tambayi Asana.

"Suna ne. Yarinyarki ya samu suna. Don kullum gammo yana kansa, ko ba kaya."

"Tana da suna. An yanka mata rago a Salaga."

"Ya ji lokacin da aka raɗa?"

Na juya kifina.

Shan ruwa ma ya canza. Da, in ladan ya kira ni nake dafa kafaɗarta. A gidan nan kuwa babbar cikin yaran takan hau katanga, daga nan ana hango ladan a kan matakalar masallaci. Yana kai hannuwansa kunne sai ta sauke hannu ta taɓa na ƙasa, wannan ya taɓa wancan, har ya zagaye gidan. Wata yamma ina zaune da kwanon ruwa ina jiran murya, sai na ji hannu a kafaɗata. Rabi ce. Bayan ta taɓa ni ne kiran ya iso kunnena.

Da azumi ya yi goma yaran zango suka fara tashe. Bayan an sha ruwa su bi gida-gida da waƙa da gemun auduga, a ba su abin da ya samu. Yaran Fuseina ma sun shirya nasu, amma ba sa iya fita a wannan lokacin. In duhu ya yi ba sa ganin hannun juna, kananzir kuwa a shekarar sai mai hanya. Yanzu jikokina da fitilar waya suke haska fuskar uwarsu in wuta ta ɗauke, a lokacin ba mu da ko aci-balbal mai kirki. Saboda haka da la'asar suke fita, lokacin da kowace mace take gaban murhu da yunwa da fushi, tana neman yadda za ta raba ɗan tuwo ga gida guda. Ina jin ana daka musu tsawa daga cikin gidaje, "Ku dawo bayan an sha ruwa!" Su kuma suna tsaye a zaure suna jiran a fito. Su dawo da ƙwarya babu komai, Rabi a cikinsu.

Ban iya ganin kaya mai kyau a kasuwar da ba tasa ba in yi shiru. Na ce wa Asana, "Gaya wa 'yar uwarki ta daina kai su gidaje. Ta kai su tasha."

"Tasha? Wurin 'yan kamasho?"

"Wurin waɗanda mota ta yasar kamar ni. Ba su da murhun da za su tsare, sun gaji da kallon juna, rabinsu ba sa azumi, kuma kowane matafiyi yana da ɗan guzuri a ƙasan jaka. Mutumin da ya rasa abin yi shi ne mai sayen kallo."

Asana ta juya ta zuba wa Fuseina da hannu. Fuseina ta dube ni sosai, karo na farko, ta yi wata alama.

"Ya ce kanki yana aiki, ko da yake fuskarki kamar ta mai karɓar haraji."

Washegari na bar kifin na zauna kallon shirinsu. Wasan a kan ruwan sama ne. Wata doguwar yarinya ta hau kan kifaffen turmi, ita ce hadari, ta kumbura kumatu ta rungume hannuwa kamar mai kanti da ya ɓoye sukari. Sauran manoma ne. Su yi shuka, su ɗaga kai, su roƙa. Hadari ya saki yatsa ɗaya ya ɗiga, ya mayar. Ba ganga, ba waƙa, sai ƙarar ƙafa a ƙasa da numfashi. A tsaye suke kamar bakin ƙwarya, yadda kowa yana ganin fuskar kowa. Dokar Fuseina ɗaya ce: in idon mutum ɗaya ya bar wurin, kowa ya tsaya har ya dawo. Ba ta duka a kan haka. Tsayawa kawai ake yi, wanda ya yi laifin ya ɗago ya ga ana jiransa.

Rabi ce aka ba ciniki da hadari. Ba wanda ya koya mata. Ta ɗaura zani sama da ƙirji yadda nake yi, ta ɗaga kayan ta shinshina, ta yatsina fuska, ta ajiye kamar ya ɓata mata hannu. Asana ta riƙe ciki don dariya.

"'Yar Salaga, ga ki nan! Har tsakin!"

Sai Rabi ta zo wurin da kowane ɗan kasuwa ya sani: in mai kaya ya ƙi, ka juya baya ka kama hanya, har sai ya kira ka. Rabi ta juya ta tafi. Hadari ya miƙa hannu yana kiranta, yana ɗaga mata, ita kuwa tana ta tafiya har ta kai bakin rijiya. Ta juyo ta ga kowa a tsaye yana jiranta. Fuskarta ta faɗi. Sau nawa ta ga na yi wannan juyin a kasuwa, ta ga na dawo an rage min, ba ta taɓa sanin murya ce take dawo da ni ba.

Na ɗauka za a cire wannan wurin, don ya karya dokar. Yaran suka taru hannuwa na ta tashi, har da rigima. Daga ƙarshe suka ɗauki ƙaramar cikinsu, Napari, wata siririyar yarinya da aka kawo daga ƙauye ƙafafunta kamar sillen kara, suka tsayar da ita nesa, a inda Rabi za ta fuskanta in ta juya. Ita tana ganin kowa, Rabi tana ganinta. Hadari na kira, Napari ta ware ido ta ɗaga gira, Rabi ta tsaya cak ta juyo a hankali da yanga.

Na koma wurin kifina ina lissafin da ba na kuɗi ba. A kasuwar Bawku daga safe zuwa yamma fuskata tana wurin masu saye. Rabi tana bayana a kan buhu. Duk tsawon wannan lokacin ba fuskar da take kallonta.

Ranar da suka je tasha rana ta yi zafi har ƙarfen lori ba ya taɓuwa. Mutane na kwance a ƙarƙashin motoci da rumfuna, wasu sun rufe fuska da hula. Yaran suka kifa turminsu a fili. Wani ɗan kamasho ya ce, "Mumu sun zo tashe! To wa zai yi waƙar?" Aka ɗan yi dariya. Da hadari ya saki yatsa ɗaya ya mayar, wani tsoho manomi ya tashi zaune ya ce da ƙarfi, "Wallahi haka yake yi!" Daga nan mutane suka fara fitowa daga ƙarƙashin motoci. Da Rabi ta shinshina ruwan sama ta yatsina fuska, matan kasuwa suka yi shewa, wata ta nuna ni tana cewa ga uwar nan.

Rabi ta juya baya ta kama tafiya. Ina kallonta ita, kowa ma ita yake kallo. Sai na ga ta tsaya ba a kira ta ba, ta zauna a ƙasa. Hadari ya sauko daga turmi ya zauna, manoma duka suka zauna, a lokaci ɗaya, kamar an yanke igiya. Mutane suka tafa, sun ɗauka cikin wasan ne. Sai da na bi idanunsu na ga Napari. Ƙafafunta ne suka ƙi ɗaukarta, ta sulale ta zauna, idonta yana juyawa. Mu masu kunne muna cike da fili, ba wanda ya gani. Su ba su ruga sun taru a kanta an yi kallonta ba. Sun zauna ne a inda suke, ta zama ɗaya cikin zaunannu, Fuseina ta ratsa ta baya ta tallafe ta. Wata mata 'yar kudu ta kawo ruwa da ɗan sukari a ƙullin zani. Suka jira har Napari ta ɗago ta dubi kowa. Sannan suka ƙarasa wasan a zaune, har hadarin, Rabi ta yi cinikinta da gwiwa.

Ƙwaryar ta koma gida da garin rogo da gyaɗa da guntun kokonte. Ni ma na saka kifi, manya, ban zaɓi waɗanda ƙwari suka taɓa ba. Suka ci gaba da zuwa tasha kowace la'asar.

Ruwan gaske ya sauka a goman ƙarshe, da rana tsaka. Ya zo da ƙarfi har jar ƙasa tana tsalle. Yaran suka fita cikinsa baki buɗe, ni na ruga kwashe kifi. Washegari gari ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar toka, duk mai fartanya ya tafi gona da ɗan irin da ya rage. A wannan makon Bukari ya dawo, ya rame, da ƙarfensa a naɗe cikin tsumma kamar jariri. Ya ce mu tashi kafin hanyar Gushegu ta zama kunu.

Ina ɗaure kwanduna tagwayen suka zo suka tsaya a kaina.

"Fuseina ya ce ki bar Rabi," in ji Asana.

Na san za a zo nan, na kuma shirya amsoshina. Na ce ba su da abincin kansu. Asana ta ce gaskiya ne. Na ce ba 'yar uwata ba ce, ban san asalinsu ba. Ta ce gaskiya ne, su ma ba su san nawa ba. Na ce yarinyar ba ta taɓa kwana ba ni ba. Fuseina ta yi wata gajeriyar alama.

"Ya ce ki tambaye shi, yana da baki yanzu."

Aka kira Rabi. Na fara da irin namu, na ja gefen zanina, na nuna lori, sannan na nuna ƙasa na nuna gidan. Ta gane tun kafin in gama. Ba ta amsa min da namu ba, domin namu ba shi da kalmomin abin da take so ta faɗa. Ta juya wurin Fuseina ta yi magana mai tsawo, Fuseina ta mayar wa Asana, Asana ta juyo ta dube ni.

"Faɗi mana," na ce.

"Ya ce yana so ya zauna. Amma ya ce in ya zauna, ke da wa za ki dinga magana? Ya ce tun Salaga yana kallo, bakinki ba ya motsi sai wurin ciniki. In an gama ciniki shi kaɗai kike da shi. Ya ce in ba ki da kowa, zai bi ki."

Duk shekarun nan na ɗauka ni nake riƙe da ita. Da na ce ba ni da kowa na tsaya nan, da ta hau lorin nan ba musu, ta koma kan buhu a bayana. Kuma gaskiyar kenan, ba ni da kowa. Na taɓa sayar da kifin jiya a matsayin na yau, amma ban taɓa yi wa Rabi ƙarya ba, ba kuma zan fara a ranar ba.

Na ce, "Gaya mata ba ni da kowa. Gaya mata wannan aikina ne, ba nata ba. Ni ina da kunne, in na ga dama zan samu. Ta zauna."

Na bar musu kwando guda, mafi kyau, na ce duk wucewata zan tsaya, da albasa in na fito daga sama, da kifi in na fito daga ƙasa. Haka kuwa aka yi shekara da shekaru. Yau Rabi tana da shagon ɗinki a Yendi da 'ya'ya masu surutu da baki da hannu. Amma a ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne na bar 'yata a shekarar yunwa a gidan da ake cin ganye.

Da hantsi muka hau. Lorin ta daɗe a tsaye, batir ya mutu, Bukari ya murɗa makulli ko tari ba ta yi ba. Ya leƙo ta taga.

"Jama'a, a taimaka da turi! Wanda ya ci sahur ya zo gaba!"

"Wa ya ci sahur a garin nan?" in ji Asana. Ta taɓa Fuseina a kafaɗa ta nuna motar.

Maza suka kama gefe, yaran suka jeru a baya suka dafa katako. Ina zaune a kan kwandunana a can ƙarshen lori, fuskar Rabi tana daidai ƙafafuna. Tana turawa da gaske, kanta a sunkuye, laka tana tsalle har gwiwarta. Motar ta gangara, ta yi tari, ta mutu. Aka sake. A karo na gaba injin ya kama. Mazan suka ji ƙara suka saki ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya ɗan bi mu da gudu. Yaran a tafin hannunsu suka ji shi. Na zuba wa hannuwan Rabi ido, ina jiran su daɗe a kan katakon fiye da na sauran, ko da kaɗan.

Tare suka saki.

Suka tsaya a tsakiyar hanya suna haki, Rabi ta ɗaga min hannu, sannan wata ta taɓa ta ta juya don ta ga abin da ake cewa. Daga Yendi zuwa Bawku muka yi ta kafewa a laka muna fita, muka hau dutsen Nakpanduri da ƙyar. A gefena akwai wata tsohuwa mai kai wa ɗanta barkono, tun tasha take neman wanda za ta ba labarin ciwon ƙafarta. Sai da muka wuce Gushegu na juya na ce mata, "Mma, tun yaushe ƙafar take damunki?"